Gyauron Dawa da Kunyar Yayana

Ni dai tun da na ajiye aikin koyarwa na ɗauka na gama fama da mutanen da suka san amsa amma suka ƙi buɗe baki. Ashe da sauran rina a kaba. Wannan karon ba yara ba ne a kan benci, dattawa ne masu furfura, kuma jagoransu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

'Yata ta fari ce ta jawo mini. Ba zan kira sunanta ba, ko a gida ba na kira. Tana cikin masu binciken da aka tattaro daga jami'o'in ƙasar nan don a tabbatar wannan abu da ake kira ƙirƙirarriyar basira ba zai cuci jama'a ba. Abin da aka damƙa mata wata na'ura ce mai magana da Hausa ta cikin waya. Makiyayi ya tambaye ta abin da ke damun dabbarsa, ta ba shi amsa. Kafin a sake ta ga mutane, sai an kai ta gaban waɗanda suka san dabba sun tone mata aibi. 'Yar tawa ta bugi ƙirji a gaban manyanta ta ce a ba ta Katsina, tana da kawu a Kuki wanda tun ba a haife ta ba yake bin shanu. In an gama gwajin, ita za ta sa hannu ta ce abin ya yi ko bai yi ba. Idan kuwa ta ce ya yi alhali bai yi ba, duk saniyar da ta mutu a kan shawararsa, alhakin yana wuyanta.

Da kaka suka iso Dutsin-Ma, ita da wani abokin aikinta, mutum mai shiru-shiru da yawan gaisuwa. Ina tankaɗe gari ta zauna kusa da ni tana yi mini bayani.

"Mama, abu ɗaya nake so. In na'urar ta yi ƙarya, su ce mani ƙarya take."

Na yi dariya har da ajiye rariya. Na ce mata in dai wannan ne ta kwantar da hankalinta. Yayana mutum ne da bai taɓa cin tuwon gidana bai ce miya ta yi gishiri ba. Ragon layyata bai taɓa burge shi ba, ginin ɗakina ya ce magini ya cuce ni, har tafiyata ya ce ina jan ƙafa. Na ce da ita ta tanadi wurin rubutu da yawa, don in ya fara sai an roƙe shi ya tsaya.

Muka tafi Kuki da hantsi, don yanzu ba mai son yamma ta yi masa a hanya. Mun tarar an share gindin tsamiyar ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, dattawan unguwa sun jeru. Yayana ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita. Tun daga nan jikina ya ɗan ba ni. Aka kawo fura da nono, aka sha, aka yi addu'a, sannan 'yata ta durƙusa ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce ba yabo suka zo nema ba, kuskure suka zo nema, wanda ya kama abin da ƙarya shi ne ya taimaki ƙasa. Kowa ya gyaɗa kai.

Aka kunna wayar, sai na'urar ta yi sallama. Ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali, ta tambayi dukiya. Dattawan nan suka amsa mata baki ɗaya, cikakkiyar amsa, har wani ya ƙara da tambayar yadda ta baro mutanen gida. Yayana ya dubi inda aka ajiye wayar, ya ga rana ta fara taɓa ta.

"A matso da baƙo cikin inuwa," in ji shi. "A aza mashi matashi."

Aka kuwa ɗora waya a kan matashi. Ni ina gefe a kan kujera 'yar tsuguno, na ce a raina yau akwai kallo.

An yi tambayoyi masu sauƙi, sannan 'yata ta jefa wadda ta riga ta san na'urar tana faɗuwa a kanta. Ta faɗa mini tun a gida cewa da ita za ta auna mutanen. Ta ce a tambaya: idan an yanke dawa, ruwa ya ƙara sauka, gyauro ya tsiro a gindin kara, ana iya sakin shanu su ci? Gyauro shi ne ɗanyen tohon nan da ke fitowa bayan girbi. A gidanmu ko yarinyar da ke tallar nono ta san yana kumbura cikin saniya ya kashe ta kafin a nemo wuƙa. Na'urar ta ce, cikin murya mai daɗi kamar ta mai karanta labarai a rediyo, ai ɗanyen haki ne mai amfani, a bar su su ci su ƙoshi.

Na zuba wa yayana ido ina jira. Ya shafa gemu, ya dubi ƙasa, ya dubi wayar a kan matashinta.

"Madalla," ya ce. "Allah shi ƙara sani."

Sauran suka ce amin. 'Yata ta sake tambaya a hankali ko Kawu ya ga wani gyara a maganar. Ya ce ai masu ilimi sun yi magana. Ta juya ga na kusa da shi, ya ce abin da Alhaji, wato yayana, ya faɗa shi ne. Haka aka bi layi har ƙarshe. Dole ita da kanta ta ce wa taron amsar nan kuskure ce, kada kowa ya yi aiki da ita. Suka ce madalla da wannan ma.

Da aka tashi na zaga bayan gida neman buta, sai na iske su a gindin rumbu suna dariya har da riƙe ciki. Wani yana kwaikwayon muryar na'urar, yayana yana share hawaye da hannun riga yana cewa wannan ko akuya ba a ba shi kiwo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Yaya, wannan maganar ita anka zo nema tun daga Abuja, kun zo kuna zubar da ita bayan rumbu?"

Ya daina dariya, ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Ke dai boko ya lalata ki. Baƙonka annabinka. A gaban wanda ya kawo shi za ni ce mashi maƙaryaci?"

Na ce waya ce. Ya ce waya ce ta yi sallama? Na ɗauki butata na wuce.

A hanyar komawa 'yata ta ce wataƙila don dangin uwa ne suke jin nauyinta, a gwada dangin uba. Sai muka nufi Kurfi bayan kwana biyu, wurin ƙanin marigayi mijina. Malami ne mai makarantar allo, yana kiwon tumaki a bayan gida, kuma manoman unguwarsu ba sa tsallake maganarsa. Na ce to wannan ai aikinsa ke nan, gyara wa mutane karatu tun asuba. Ya tara mana mutane a zaure, aka yi tambayar gyauro, na'ura ta maimaita shirmenta. Malam ya yi gyaran murya, na gyara zama. Sai ya ɗauko mana wa'azi a kan falalar suturta aibin wani, da yadda wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa Allah ke rufa nasa. Wa'azin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, har wata tsohuwa a bayan ƙofa tana sheshsheƙa. Da aka watse na tare shi a soro na ce, "Malam, wane asiri gare ta? Ba ta da uwa ba ta da uba, ba ta neman aure a unguwar nan." Ya yi murmushi ya ce ita ba ta da asiri, amma waɗanda suka yi ta suna da shi, kuma ɗaya daga cikinsu ɗiyar wansa ce. Ya ce mu gaida gida.

Mun koma Kuki karo na biyu ne don 'yata ba ta iya haƙura da abu, halin ubanta ta ɗauko. Ana cikin gaisawa yayana ya tambayi abokin aikin nata daga wace ƙasa yake, don ya ji harshensa da ɗan nauyi. Mutumin ya ce shi ɗan Borno ne, Babarbare. Mu kuwa asalinmu Fulani ne, ko da yake Fulatancin ya tsere mana tun zamanin kakanni, sai 'yan kalmomin kiran shanu. Tsakanin Bafulatani da Babarbare akwai wasa na gado, wanda kowa zai gaya wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama, ba fushi ba ƙara. Yayana ya miƙe zaune, idonsa ya yi haske.

"Ashe bawana anka kawo mani ban sani ba! Kai, da hannunka cikin koya ma abin ga magana?"

Mutumin ya ce da hannunsa. Shi ma ashe shirun nasa na baƙunta ne, nan take ya ce ai dole bawa ya gane ubangidansa ko da an daɗe ba a haɗu ba. Wuri ya kaure da shewa. Aka janye matashin daga ƙarƙashin wayar. Na dubi 'yata na kashe mata ido, na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama.

Murnata ba ta kai azahar ba. Na'ura ta ce a saki shanu a gyauro, suka ce ƙarya, ilimin Barebari. Na ji daɗi. Ta ce a riƙa ba dabba ruwa mai tsabta, suka ce ƙarya. Ta ce a ware marar lafiya daga cikin garke, yayana ya ce ƙarya ce tsagwaronta, a Borno ne ake haka don ba su san saniya ba sai a hoto. Ko sallamar da ta yi sai da aka ce ba ta iya ba. 'Yata tana roƙo a tsaya a bambance mata wanne ne kuskuren gaske, wanne ne wasa, ba mai jin ta. An samu Babarbare a hannu, wa zai tsaya wata na'ura? Ranar farko komai gaskiya ne, yau komai ƙarya ne, an gudu ba a tsira ba. Mutumin Borno ya sha fura ƙwarya guda, an yi masa kyautar zabi, ya koma mota yana dariya, sai da ya ga fuskar 'yata ya haɗiye sauran.

Shi ya riga ta komawa da motar aiki, ita ta tsaya ta ƙara 'yan kwanaki a wurina. Ba ta cin abinci sosai. Da na matsa mata, ta ce ba gyauron ke damun ta ba, wannan ta san shi, za a gyara. Abin da ke hana ta sukuni shi ne waɗanda ba ta sani ba. Ta ga kawunta sau da yawa yana ɗan ɗaga gira idan na'urar ta yi wata magana, sannan ya sauke, ita kuma ba ta san me ya gani ba. Ta ce za ta koma ta faɗi gaskiya, ba ta samo komai ba, ba za ta sa hannu ba. Ta kuma san abin da zai iya biyo baya. Ko a ce ta kasa a miƙa wa wani, ko a ɗauki madallar Kuki da ta Kurfi a ce ai makiyaya sun yaba, a saki abin haka nan.

Da gari ya waye na yafa mayafi na tare ɗan acaba, ni da gwiwoyin nan nawa da ba sa son gargada. Na iske yayana shi kaɗai a garke yana cire wa wata karsana kaska. Ban ko tsaya dogon gaisuwa ba, abin da ban taɓa yi masa ba tun muna yara. Na ce ya ji daɗi, ya rufa wa waya asiri, ya yi wasa da Babarbare, yarinya kuma za ta koma hannu rabbana. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya ɓoye nasa har da ɗaura masa zane. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba su da alaƙa da zancen, har gishirin miya sai da na tono.

Ya bar ni na gaji. Bai ɗago daga jikin karsanar ba ya yi magana.

"Ɗiyar nan, ita kaɗai ce gare mu da ta kai inda ta kai. Ta ɗauko aikinta ta kawo ƙofar gidana, ga baƙo, ga mutanen gari. In buɗe baki in ce aikin banza ne? Gobe mi za a ce a kasuwa? Kawunta ma ya kushe ta."

Sai a lokacin na gane ba wayar yake jin kunya ba. Amma fushina bai sauka ba, ƙaruwa ya yi. Na ce, "To ka kyauta. Ran da shanun wani sunka zube a kan maganar abin ga, ba a kasuwar Kuki za a kira sunanta ba, a rediyo za a kira shi. Ran nan sai ka sa babbar rigarka ka tahi ka ce madalla." Na ce jibi za ta tafi, na juya. Bai raka ni ba, ni ma ban waiwaya ba.

Ranar tafiyar ta faɗo ranar kasuwar Dutsin-Ma, tasha cike da mutane da buhuna da kaji. Na raka ta, ta samu wuri a gefen taga, saura mutum kaɗan mota ta cika. Ina ba ta ƙullin daddawa ta taga sai na ji an taɓa mini mayafi da sanda. Yayana ne, cikin rigar kiwo, ƙafarsa duk ƙasa. Bai dubi motar ba. Ya tsuguna a gefen taya, ya ba taga baya, ya gitta sandarsa a kan gwiwa.

"Ke," ya ce da ni, "ki hwaɗa ma mai abin ga in ji ni."

'Yata ta buɗe ƙofa ta sauko a hankali, ta durƙusa a bayansa. Ta ce, "Kawu, in ɗauki maganar a waya?" Bai amsa mata ba. Ni ya ce wa in ce mata ta ɗauka.

Ya fara da gyauro, ya wuce shi da sauri. Ya ce abin ya ce a ɗura wa saniya magani in ta kumbura, bai ce a tashe ta tsaye ba, kuma wadda aka ɗura wa tana kwance, huhu maganin yake bi. Ya ce ya ba da awon allura da kilo, su kuwa ba mai sikelin auna sa a daji, don haka kowa zai ƙiyasta ne ya ƙara, saboda mutum gani yake yawan magani shi ne lafiya. Ya ce ya yi zancen maganin kaska bai ce a nisanta shi da ƙwaryar nono ba, alhali a ruga inda ake ajiye wannan nan ake ajiye wancan. Ya kuma ce akwai wurare da ya faɗi daidai, ya lissafa su, ya ce kada a taɓa waɗannan. Duk wannan idonsa a ƙasa. Mota ta cika, direba ya danna oda, 'yan kamasho suka fara hayaniya. Na juya na ce musu duk wanda ya ƙara buɗe baki zai gane ni tsohuwar malamar makaranta ce. Wasu fasinjoji ma saukowa suka yi suka kewaye mu suna saurare, wani mai hula har yana cewa wallahi haka ne.

"Na ƙarshe," in ji yayana. "Tun da munka zauna da shi ban ji ya ce bai sani ba ko sau ɗaya. Ni wanda bai iya cewa bai sani ba, ba ni barin shi da dabbata. A koya mashi."

'Yata ta ce ta gode, hawaye na zuba, shi kuwa bai juyo ba. Direba ya sake danna oda, na tura ta cikin mota. Sai da motar ta fice daga tasha sannan ya dafa sanda ya miƙe. Na ce ya zo mu je gida ya ci abinci, yau ko ya ce miya ta yi gishiri ba zan tanka ba. Ya girgiza kai.

"Ki ce mata ta yahe mani. Na tozarta ta cikin tasha, gaban 'yan kamasho."

Na buɗe baki in yi masa faɗa, don faɗan yana nan a shirye, sai na ga idonsa ya yi ja. Ban taɓa ganin haka ba ko ranar da aka binne mahaifinmu. Ya juya ya shige cikin 'yan kasuwa.

Da 'yata ta sauka ta kira ni tana ta murna, ta ce abin da ta samu a tasha ya ishe ta ta tsaya a gaban kowa ta ce a dakata a gyara. Na bari ta gama, sannan na isar mata da saƙon kawunta. Ta ce, "Mama, mi zan yafe? Shi ne fa ya cece ni."

Na ce, "Na sani. Na gaji da ku duka, ke da shi. Ke dai ki ce kin yahe, in samu abin kai mashi."

Ta faɗa. Washegari na sake yafa mayafi, na tare ɗan acaba, na kai masa har garke.